LIKITAN DA YA BI SAWUN TAKARDUN ZAZZAƁIN SHAWARA

Duk maniyyacin da ya taɓa tashi zuwa Makka daga Nijeriya, ko ɗan kasuwar da ya ƙetare iyaka zuwa Ghana, ya san katin nan mai ruwan ɗorawa wanda ake nema a filin jirgin sama, watau shaidar an yi masa allurar rigakafin zazzaɓin shawara. Allurar guda ɗaya ce tak, kuma tun cikin 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ta ishi mutum har iyakar ransa. Amma fa kafin a kai ga wannan sauƙi, sai da likitoci suka rasa rayukansu, sai da waɗansu bayin Allah suka miƙa jikinsu ga sauro da gangan. Dalilin da ya sa aka san labarinsu filla-filla kuwa shi ne an sami masu haƙurin bin gida gida suna tattara wasiƙu da hotuna da littattafan aiki, tun kafin gara ta cinye su, tun kuma kafin masu su su riga mu gidan gaskiya. Babba daga cikin irin waɗannan mutane shi ne Dokta Philip Hench, wani likita Ba'amurke, wanda ya kwashe fiye da shekara 15 yana wannan aiki.

CIWON DA SAURO KE YAƊAWA

A bakin Bahaushe, duk ciwon da ya sa idanu suka yi ɗorawa sunansa shawara. Amma wanda ake magana a kansa a nan daban yake, gama shi annoba ne. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ƙanƙanuwa ainun, wadda madubin likita na yau da kullum ba ya iya nuna ta. Mai ɗaukar ta daga wani zuwa wani a cikin gari kuwa shi ne wani sauro mai zanen fari da baƙi a ƙafafu, wanda yakan yi cizo da rana, yana kuma hayayyafa cikin ruwan randa da tulu da gwangwani da tsohuwar taya. A daji kuma cutar tana zaune tsakanin birai da sauron itatuwa. Yawancin waɗanda suka kamu sukan yi zazzaɓi na 'yan kwanaki su warke. Amma akwai waɗanda ciwon yakan koma musu, ya taɓa hanta da ƙoda, idanu su yi ɗorawa, su riƙa aman baƙin jini, kuma wajen rabin irin waɗannan sukan mutu cikin kwana 7 zuwa 10.

Wannan ciwo ya daɗe yana ta'adi a biranen gaɓar teku. Cikin 1793 ya kashe wajen mutum 5,000 a birnin Filadelfiya, cikin 1878 kuma ya kashe fiye da haka a birnin Memphis, duka a Amurka. A zamanin nan likitoci sun ɗauka ƙazanta da mugun iska da tufafin marasa lafiya su ke yaɗa shi, saboda haka sai a yi ta ƙona kayan mutane, ana tsare jiragen ruwa a bakin gaɓa, ciwon kuwa bai fasa ba. Wani likita ɗan ƙasar Kyuba, Dokta Carlos Finlay, shi ne ya tashi a gaban malamai a birnin Habana cikin 1881, ya ce sauro ne, har ya nuna irinsa. Ya yi gwaji fiye da sau 100, amma sakamakon bai fito sarai ba, don haka aka shekara 19 ana yi masa kallon mai mafarki.

Bayan da Amurka ta yaƙi Sifen cikin 1898 ta girke sojojinta a Kyuba, sai zazzaɓin ya tasam musu. Cikin watan Yuni na 1900 aka tura kwamitin likitoci huɗu: Manjo Walter Reed shi ne shugaba, sai James Carroll, da Jesse Lazear, da Aristides Agramonte. Suka je wurin Finlay, ya ba su ƙwayayen sauron nan, suka ƙyanƙyashe su. Carroll ya bari sauro ya cije shi, ya kamu, ya sha da ƙyar. Lazear ya kamu, ya rasu ran 25 ga Satumba, yana da shekara 34, bai ko ga 'yar da aka haifa masa wata guda kafin nan ba. Daga nan Reed ya kafa sansani a wata gona kusa da Habana, ya sa masa sunan marigayin, a can ne kuma aka tabbatar da maganar Finlay. Suka gano har da abin da ya hana gwajinsa fitowa sarai, watau sai sauro ya ciji mara lafiya cikin kwana ukun farko na ciwon, sa'an nan ya yi wajen kwana 12, kafin cizonsa ya zama mai hatsari. Da aka yi aiki da wannan ilmi aka yaƙi sauro, kafin ƙarshen 1901 an kawar da ciwon daga Habana, da wannan dabara kuma aka sami damar gama haƙa mashigin ruwa na Panama cikin 1914.

YADDA HENCH YA SHIGA AIKIN

Labari mai daɗi irin wannan ba ya zama yadda yake. Reed ya rasu cikin 1902, Carroll cikin 1907, Finlay cikin 1915, Agramonte cikin 1931. Aka rubuta littattafai, aka yi wasan kwaikwayo a New York cikin 1934, aka mai da shi silima cikin 1938, kowa yana ƙara nasa gishiri. Amurkawa suka ɗaukaka Reed har suka kusa mantawa da Finlay, mutanen Kyuba kuwa suka ce an ƙwace wa ɗansu haƙƙinsa.

Shi Hench ba masanin tarihi ba ne. An haife shi a Pittsburgh cikin 1896, aikinsa kuma maganin ciwon sanyin ƙashi ne a asibitin Mayo. Sha'awar labarin ta kama shi cikin 1937. Cikin 1940 Kwalejin Washington da Jefferson, inda Lazear ya yi karatu, ta sa wa wani sabon gini sunansa, Hench kuma ya yi jawabi a wurin bikin. Da ya duƙufa kan littattafan da aka buga, sai ya tarar ba su zo ɗaya ba, wannan ya faɗi haka, wancan ya saɓa masa. Sai ya yi abin da likita ya saba yi in alamun ciwo sun rikita shi, watau ya koma ga tushe. Ya duba ya ga shekara 40 ta wuce, amma akwai sauran tsofaffin da aka yi abin a kan idonsu, kuma ya san ba za su daɗe ba.

Ya nemi John Moran da John Kissinger, mutum biyun da suka ba da kansu don gwaji suka kuma ƙi karɓar ko anini. Ya shaƙu da tsofaffin hafsoshi biyu likitoci, Jefferson Kean da Albert Truby, waɗanda suke Kyuba a lokacin. Yakan rubuta musu jerin tambayoyi, in amsar wani ta saɓa wa ta wani ya sake komawa, har sai ya sami takardar da za ta raba gardama. Ya je wurin matar Reed da 'ya'yansa, da iyalin Lazear, da 'yar Agramonte a Habana. Abin da aka ba shi ya karɓa, abin da aka ce na sayarwa ne ya saya, wanda aka hana shi ya ɗauki hotonsa. Ya tattara taswirori, da takardun awon zafin jikin marasa lafiya, da hotuna, har da madubin aikin likita. Duk wannan yana yi ne a lokacin hutunsa, gama cikin waɗannan shekaru ne ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, cikinsu ne kuma shi da abokan aikinsa suka gano amfanin maganin nan kotizon, wanda ya sa aka ba su Lambar Nobel cikin 1950.

ABIN DA TAKARDU SUKA TONA

Abu na farko shi ne mutuwar Lazear. Abin da aka sanar wa duniya shi ne, yana cikin aiki a asibitin Las Animas sai wani sauro ya sauka a hannunsa, ya ƙyale shi ya sha jini, ba da nufin gwaji ba. Haka aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru. Amma tsofaffin nan sun shaida wa Hench cewa Reed da kansa, da ya duba rubuce-rubucen marigayin, ya fahimci da gangan ya yi gwajin a jikinsa, sai aka rufe maganar don gudun kada iyalinsa su rasa haƙƙin da ya kamata a biya su. Littafin aikin kwamitin, wanda ya ɓace bayan rasuwar Reed, daga baya ya ɓulla a ɗakin karatu na ƙungiyar likitoci ta New York. A cikinsa, a ƙarƙashin ranar 13 ga Satumba, an rubuta cewa an sa sauro ya ciji wani ɓeran Masar mai lamba ɗaya. Kwana biyar bayan haka Lazear ya kwanta. Masana da yawa suna ganin shi ne ɓeran Masar ɗin, ya ɓoye sunansa ne kawai. Akwai kuma wasiƙar da ya rubuta wa matarsa ran 8 ga watan, inda ya gaya mata yana jin ya kama hanyar gano ainihin cutar, amma kada ta faɗa wa kowa tukuna.

Abu na biyu takardar yarjejeniya ce. Yawancin waɗanda aka yi gwajin a kansu sojojin Amurka ne da Sifaniyawa 'yan ci-rani sababbin zuwa. Reed ya sa an rubuta takarda da Ingilishi da Sifaniyanci wadda za a sa wa hannu. A cikinta an faɗa wa mutum a fili cewa yana sa ransa cikin hatsari, za a ba shi dala 100 na zinariya, in ya kamu a ƙara masa wata 100, in kuma ya mutu a ba wanda ya ambata. Wannan tana cikin takardu na farko a tarihin aikin likita da aka nemi yardar mutum a rubuce kafin a yi gwaji a jikinsa. Har yau masana suna muhawara a kanta: shin talaka baƙo, wanda aka ɗora wa dala 200 a gaba, an bar masa zaɓi na gaskiya? Ba don an adana takardar ba, da babu abin da za a yi muhawarar a kansa. A sansanin dai ba a rasa rai ko ɗaya ba, amma cikin 1901, da waɗansu likitoci suka ci gaba da irin gwajin a Habana, mutum uku sun mutu, cikinsu har da wata ma'aikaciyar jinya mai suna Clara Maass.

Abu na uku shi ne sansanin kansa. Ɗakuna biyu na katako aka gina a wurin. A na farko aka zuba zannuwa da tufafi waɗanda suka ɓaci da amai da jinin masu ciwon, aka toshe shi yadda sauro ba zai shiga ba, mutane suka yi kwana 20 suna barci a cikin wannan ɗoyi, ba wanda ya kamu. Na biyu kuwa tsaf yake, an raba shi biyu da ragar waya, aka saki sauro 15 a gefe guda. Moran ya shiga gefen sauron ran 21 ga Disamba, ranar Kirsimeti ya kwanta, waɗanda suka kwana a ɗaya gefen kuwa lafiya lau. To, bayan shekara 40 gari ya faɗaɗa, guguwa ta rushe ɗaki na biyu, mutane suna nuna wurare dabam dabam. Hench ya yi ta zuwa Kyuba, shi da Moran suna gwada tsofaffin hotuna da taswirori da yanayin ƙasa, ya kuma sami littafin lissafin mai gonar, inda aka rubuta kuɗin hayar da aka biya. Da haka aka tabbatar da cewa wata bukkar katako da ke shirin faɗuwa a unguwar Marianao ita ce ɗaki na farko. Ya yi ta kai gwauro yana kai mari tsakanin hukumomi, har gwamnatin Kyuba ta gyara wurin, aka buɗe shi ran 3 ga Disamba 1952, ranar da ta dace da ranar haihuwar Finlay. A jikin bangon tunawa aka sa Finlay da Reed tare, da sunayen waɗanda suka ba da jikinsu.

Nufin Hench shi ne ya rubuta babban littafi a kan wannan tarihi, amma Allah bai nufa ba, ya rasu cikin Maris 1965. Matarsa ta miƙa dubban takardun ga Jami'ar Virginia, inda Reed ya sami shaidar likita cikin 1869. A farkon wannan ƙarni aka ɗauki hoton da yawa daga cikinsu aka sa a intanet. Littafin da bai rubuta ba, waɗansu sun rubuta da kayan da ya bari.

RABIN LABARIN A YABA YAKE

Aikin Kyuba ya nuna yadda ciwon ke yaɗuwa, amma bai kama ƙwayar cutar ba, bai kuma samar da rigakafi ba. Wannan rabin na labarin a Afirka ta Yamma ya faru. Cikin 1925 Gidauniyar Rockefeller ta Amurka ta kafa kwamitin bincike a Yaba, Legas, a ƙarƙashin Dokta Henry Beeuwkes. A lokacin an karkata ga maganar wani mashahurin masani ɗan Japan, Dokta Hideyo Noguchi, wanda ya ce ya gano ƙwayar cutar a ƙasar Ekwado cikin 1918. Likitocin Yaba suka yi ta neman ƙwayar tasa a jinin marasa lafiya, ba su gan ta ba.

Ran 30 ga Yuni 1927, Dokta Alexander Mahaffy ya ɗebi jinin wani mutum ɗan shekara 28 mai suna Asibi, a garin Kpeve na ƙasar Gwalkwas, watau Ghana ta yau. Aka sa wa wani biri da aka kawo daga Indiya jinin, birin ya kamu ya mutu. Daga nan aka riƙa ɗaukar cutar daga biri zuwa biri a Yaba, har Adrian Stokes da Johannes Bauer da Paul Hudson suka tabbatar da cewa ƙwayar ta fi ta Noguchi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, gama tana ratsa matacin da ke tare irin tasa. Shi Asibi ya warke. Amma Stokes ya kamu, kuma yana kan gadon ciwo ya nemi a ɗebi jininsa, a sa sauro su cije shi, don kada damar ta wuce. Ya rasu ran 19 ga Satumba 1927, aka binne shi a Legas. Noguchi ya zo da kansa don ya kare maganarsa, ya kamu, ya rasu a Akra ran 21 ga Mayu 1928. Dokta William Young, wanda ya binciki gawarsa, bai daɗe ba shi ma ya bi shi. Cikin 1930 kuma ciwon ya ɗauke Dokta Theodore Hayne a Legas.

Ƙwayar da aka samu daga jinin Asibi ita aka kai New York, inda Max Theiler da Hugh Smith suka yi ta renonta cikin naman ɗan tsakon da bai fita daga ƙwai ba, har ƙarfinta ya karye. Cikin 1937 ta zama rigakafin da ake kira 17D, cikin 1951 kuma aka ba Theiler Lambar Nobel. Duk allurar zazzaɓin shawara da ake yi a duniya yau daga jinin wannan bawan Allah ta samo asali, amma a takardu suna ɗaya kawai aka kira shi da shi. Haka nan masu kama sauro da masu kiwon birai da masu tafinta, 'yan ƙasa waɗanda suka yi aiki cikin hatsari ɗaya da likitocin, ba safai akan ambace su a rahotannin da aka buga ba. Littattafan da ma'aikatan gidauniyar suke rubuta abin da suka yi kowace rana, da wasiƙunsu, suna can a ma'ajiyar takardu ta Rockefeller kusa da New York.

Akwai wani darasi kuma a binciken Yaba. Kafin nan, rahotannin gwamnatin mulkin mallaka sun fi ƙirga Turawan da suka mutu, har ana zaton ciwon na bakin teku ne kawai. Da aka sami hanyar gwada jini a gane wanda ya taɓa kamuwa, a farkon shekarun 1930 aka bi garuruwan Nijeriya, kudu da arewa, sai aka tarar ciwon ya daɗe yana ratsa jama'a ba a rubuta ba.

SAURAN AIKI

Zazzaɓin shawara bai bar Nijeriya ba. Ya yi ɓarna a yankin Jos cikin 1969. Cikin 1986 ya auka wa Oju ta Jihar Binuwai, inda aka ƙiyasta mutum 5,600 sun mutu, cikin 1987 kuma ya shiga garuruwan Jihar Oyo. An sa allurarsa cikin rigakafin yara cikin 2004, amma duk da haka ya sake ɓullowa a Kwara cikin 2017, da Bauchi cikin 2019. Kowace annoba daga cikin waɗannan ta bar takardu: littafin karɓar marasa lafiya na asibiti, da rahoton duba-gari, da wasiƙar hakimi, da littattafan ɗakin binciken ƙwayoyin cuta na Jami'ar Badun, da na ɗakin haɗa rigakafi na Yaba, wanda ya yi ta yin allurar nan har zuwa 1991. A cikinsu ne za a ga ƙauyen da ciwo ya fara, da watan da ya fi tsanani, da kwana nawa aka yi kafin labari ya kai ga hukuma, watau abin da mai shirin rigakafi ke bukata ya sani. Ashe da gaskiyar masu iya magana da suka ce da tsohuwar zuma ake magani.

Wuraren ajiya kuwa akwai su. Tun 1954, bisa ƙoƙarin Dokta Kenneth Dike, aka kafa ofishin da ya zama Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, mai rassa a Badun da Inugu da Kaduna, ga kuma Gidan Arewa da aka buɗe a Kaduna cikin 1970. Amma ma'ajiya ba ta riƙe sai abin da aka kai mata. Tazarar da ke tsakanin gwajin Kyuba da lokacin da Hench ya shiga bin tsofaffi shekara 40 ce, kusan daidai da tazarar da ke tsakanin annobar Oju da yau. Malaman asibiti da masu allura da direbobin da suka yi wancan aiki, waɗanda suka rage a cikinsu sun manyanta, kuma akwatunan takardunsu suna hannun 'ya'yan da watakila ba su san darajarsu ba. Malaman zaure sun daɗe suna gaya wa almajirai cewa abin da aka rubuta shi ke zama, wanda aka bar wa ka kuwa yakan gudu. Ya rage ga jami'o'i da ma'aikatun lafiya da ɗaliban tarihi su ɗauki alƙalami da na'urar ɗaukar magana, su je su gaishe da waɗannan dattawa tun suna da ƙarfin ba da labari.